RAMIN GYARAN MOTA A CIKIN GIDA

Bayani ga Hakimai da Malamansu na Ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu

1. Dalilin Wannan Takarda

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, tun daga birnin Gusau har gundumomin karkara irin su Kekun Waje, don su san abin da ya kamata a duba in wani talakansu ya yi niyyar haƙa ramin gyaran mota a gidansa. Ramin da a ke nufi shi ne dogon ramin nan da a ke ginawa a daɓen gareji, a tuƙo mota ta tsaya a bisansa, bakanike ya sauka ciki ya duba ƙarƙashinta yana tsaye, ba sai ya kwanta a ƙasa ba.

Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gusau ta wuce Ƙauran Namoda, motocin da ke ƙasar nan ƙidayayyu ne, galibinsu na Gwamnati ne da En'e da kamfanonin sayen gyaɗa da auduga. Yau kuwa al'amari ya sake. Tun da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996 gari ya faɗaɗa, motoci sun yawaita a babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi da Gusau da Bunguɗu ta nufi Sakkwato. Ɗan kasuwa mai a-kori-kura, da manomi mai tarakta, da bakaniken da ba shi da kuɗin hayar fili, kowa ya fi son ya yi gyara a ƙofar gidansa ko a cikinsa. Wannan ba laifi ba ne. Amma rami a cikin gida ba kamar rami a ma'aikata ya ke ba, gama a gida akwai yara, akwai murhu, akwai ɗakin kwana, akwai kuma katangar maƙwabci.

Tushen maganar guda ɗaya ne. Rami shi ne wuri mafi ƙasa a cikin gida, duk abin da ke da nauyi kuwa ƙasa ya ke nema. Tururin fetur rami ya ke gangarawa, haka ruwan sama, haka ƙasar gefe da katangar da ke bisanta, haka ƙafar mota, haka yaron da ya fito da dare. Kowace ƙa'ida da za a ambata a nan an kafa ta ne don tare ɗaya daga cikin waɗannan.

2. Abin da Doka ta Ce

Mutane da yawa suna zaton izini na ginin da ya tashi sama ne kaɗai. Ba haka ba ne. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta ƙidaya aikin da a ka yi a ƙarƙashin ƙasa cikin ayyukan da ke bukatar izini, haka nan sāke amfanin wuri, kamar a mai da gidan zama ma'aikata. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari da ba da izinin gini aikin jihohi ne. A 2006 kuma a ka fito da Kundin Ƙa'idodin Gini na Ƙasa, wanda ke nuna yadda gini mai aminci ya kamata ya kasance. Saboda haka mai son haƙa rami a cikin birni sai ya nufi hukumar tsara birane ta jiha, na karkara kuwa ya fara da sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsa, da ofishin duba-gari.

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 mulkin En'e ya ƙare, ba hakimi ke sa hannu a takardar izinin gini ba. Amma shi ne uban ƙasa. Labarin haƙa ya kan iso wurin mai unguwa da dagaci tun ma'aikacin Gwamnati bai ji ba, in kuwa rigima ta tashi tsakanin maƙwabta, ƙofar hakimi a ke fara zuwa.

Akwai kuma maganar alhaki. Malaman mazhabar Imam Malik sun bayyana cewa wanda ya haƙa rami a inda bai halatta gare shi ba, kamar a kan hanyar jama'a, to, abin da ya faɗa ciki ya halaka, mutum ko dabba, ramuwarsa tana wuyan mai haƙawa. Don haka ramin da a ka haƙa a ƙofar gida har ya ci hanya, ko a lungun da jama'a ke bi zuwa masallaci ko rijiya, bai kamata a bar shi ya kwana ba.

3. Tururin Fetur

Wannan shi ne hatsari mafi girma, shi ne kuma wanda ido ba ya gani. Fetur ba ya jiran zafi kafin ya yi tururi. Ko a tsananin sanyin hunturu yana yi, balle a bazara, sa'ad da zafin Gusau ya kan kusa digiri 40. Tururin nan ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4. Ba ya tashi sama kamar hayaƙin itace. Sai ya kwanta a daɓe ya malala kamar ruwa, har ya sami rami ya zuba ciki. A fili iska na kwashe shi. A cikin rami babu abin da zai fitar da shi, yana iya kwana har ya wuni.

Ga lissafi don a gane ƙanƙantar abin da ke jawo gobara. Lita 1 ta fetur, in ta bushe, ta kan ba da tururi fiye da lita 150. Tururin kuwa in ya kai kimanin kashi 1 da rabi cikin 100 na iskar wuri, ya isa kamawa da wuta. Ramin da tsawonsa ya ke ƙafa 16, faɗinsa ƙafa 3, zurfinsa ƙafa 5, yana ɗaukar iska kimanin lita 6,800. Ashe ke nan fetur ɗin da bai cika kwalbar lita 1 ba ya isa ya mai da ramin duka abin fashewa. Da ya ke tururin a gindin rami ya ke taruwa, cikin kofin shayi guda ma ya isa ya ɓata iskar da ke daidai ƙafafun bakanike. Daga nan abin da ya rage tartsatsi ɗaya ne, ko na ashana, ko na guduma a kan ƙarfe, ko na wayar batir da ta taɓa jikin mota.

Masu haƙar rijiya da masu yasarta sun daɗe da sanin cewa akwai mugunyar iska a gindin rami, wadansunsu su kan zura fitila su gani ko za ta mutu kafin su sauka. Wannan dabara ta rijiya ce. Lalle a gargaɗi jama'a kada a gwada ta a ramin mota, gama a nan fitilar ba mutuwa za ta yi ba, ita ce za ta ta da gobarar.

Iskar gas ta dafa abinci ita ma ta fi iska nauyi, kusan sau 1 da rabi zuwa 2, halinta ɗaya da tururin fetur. Kada a ajiye tukunyarta a garejin da ke da rami. Amma gas ɗin da a ka shiga sa wa motoci bayan janye tallafin fetur a 2023, wanda a ke kira CNG, shi ya fi iska sauƙi, sama ya ke tashi ya taru a ƙarƙashin rufi. Don haka gareji na bukatar mafitar iska biyu, ɗaya a ƙasa daidai daɓe, ɗaya a sama daidai kwano.

4. Hayaƙin Salansa

A cikin hayaƙin da ke fita ta salansa akwai wata iska mai guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu ta kan kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 ko fiye, sai jiki ya rasa abin da ke rayar da shi. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, ƙarshenta suma da mutuwa. Ita ce ke kashe iyalin da su ka kwana da janareto a kunne cikin ɗaki. Mutumin da ke cikin rami, mota ta rufe shi ta sama, bango ya kewaye shi, shi ya fi kowa shaƙarta, ƙafafunsa kuma su kan mutu tun bai ankara ya nemi matakala ba.

Saboda haka kada a bar inji yana aiki alhali akwai mutum a rami. In gyaran ya tilasta a tayar da shi, sai a buɗe ƙofa duka, a sa dogon bututu a bakin salansa a kai hayaƙin waje, a kuma taƙaita lokacin. A ƙa'idar ginin gidaje da a ke bi a yawancin jihohin Amurka an hana ƙofar gareji ta buɗe kai tsaye cikin ɗakin kwana. Wannan hani ya dace da gidajen ƙasar nan ƙwarai. Ɗakin samari ko na baƙi da ke jikin zaure kada ya haɗa ƙofa ko taga da gareji, kada kuma a bar yaran bakanike su riƙa kwana a ciki.

5. Zaɓen Wuri

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Yawancin ɓarnar rami daga wurin da a ka zaɓa ta ke farawa.

Na farko, ruwan ƙasa. Da rani a ke haƙa, sa'ad da ƙasa ta bushe, sai mai gida ya ga rami garau. In damina ta yi tsakiya a watan Agusta, ruwan ƙasa ya taso, sai ramin ya zama tafki. Wannan ya fi aukuwa a unguwannin da ke kusa da Gulbin Sakkwato a Gusau da Bunguɗu, da duk inda ke da fadama. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a tambayi maƙwabta iyakar inda ruwan rijiyarsu ke kaiwa a ƙarshen damina. In ya kan taso har ya rage ƙafa 6 ko 7 ya kai baki, wurin bai dace da rami ba.

Na biyu, irin ƙasa. Marmara da tsandauri suna riƙe kansu. Yashi da jigawa su kan zube tun ana haƙa. Laka kuwa ta kan kumbura da damina ta tura bango ciki, ta tsage da rani ta bar shi ba majingina. A ƙasar Tsafe da Kwatarkwashi, inda dutse ke kusa, wani lokaci a kan ci karo da fā tun ba a kai ƙafa 3 ba. Kada a ce za a fasa shi da wuta ko da nakiya a tsakiyar gidaje.

Na uku, katanga. Harsashin ginin ƙasa ba shi da zurfi, nauyin katanga kuwa yana bazuwa ne a cikin ƙasar da ke gefenta. In a ka kwashe wannan ƙasa, katanga ta rasa abin da ta taka. Ƙa'idar magina ita ce, nisan bakin rami daga gindin bango kada ya gaza zurfin ramin. In zurfi ƙafa 5 ne, nisa ƙafa 5 ko fiye, in kuwa katangar tubalin ƙasa ce, a ƙara. In katangar ta maƙwabci ce, ko ta tarayya, lalle a kira shi ya gani da idonsa tun ba a sa diga ba.

Na huɗu, rijiya da salga da madafa. Baƙin mai da fetur in su ka tsiyaya cikin ƙasa su kan bi jijiyar ruwa su ɓata rijiya, ba kuwa a iya wanke ta. Nisan da duba-gari su ka saba nema tsakanin rijiya da wurin ƙazanta shi ne ƙafa 100, watau mita 30. Salga kuma kada ta kusanci rami, don tana jiƙa ƙasa tana kuma fid da mugunyar iska. Murhu da tanda da wurin ajiye gawayi su kasance can wani sashe na gida.

6. Awo da Gini

Faɗin rami na ƙaramar mota ƙafa 2 da rabi ne zuwa 3. In ya fi haka, ƙafar mota za ta taka gab da baki. Zurfinsa ƙafa 4 da rabi zuwa 5 da rabi, gwargwadon tsawon mai aiki. Tsawonsa kuwa lalle ya ɗara na motar da ƙafa 3 ko 4, don in mota ta hau, matakala ta kasance a buɗe. Ramin da mota ke rufewa ruf kabari ne. Ya kamata a yi mafita biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, domin in wuta ta tare ɗaya a fita ta ɗayar. A yi matakalar siminti mai kaushi a gefe guda, a kafa tsanin ƙarfe a ɗaya gefen.

Lokacin haƙa, ƙasar da a ka fitar a zuba ta nesa da baki, aƙalla ƙafa 2. In zurfi ya wuce ƙafa 4 a sassauƙar ƙasa, a tokare gefe da katako. Ƙasa mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 da zurfin mita 1 nauyinta ya kai tan 1 da rabi. In ta rufta wa lebura har ƙirji, numfashi ya gagare shi ko da kansa na waje.

Daɓen rami a zuba shi da kankare mai kaurin inci 6. Haɗin da a ka saba shi ne kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Bango a yi shi da bulo mai inci 9, a sa rodi a cikin ramukan bulon a cika su da kankare, ko kuwa a zuba bangon duka da kankare mai rodi. Bulo mai inci 6 da ba a cika ba ba ya iya tare ƙasa jiƙaƙƙiya da nauyin mota. A shafe bayan bango da kwalta kafin a mayar da ƙasa, a kuma mayar da ita kaɗan kaɗan ana daɓewa. Kankare na bukatar a riƙa ba shi ruwa kwana 7, ƙarfinsa kuwa ba ya cika sai bayan kwana 28. Kada a hau da mota kafin nan.

A bakin rami a zuba ɗamarar kankare mai rodi ta kewaye shi, a kafa ƙarfe mai kusurwa ko ɗan dakali mai tsayin inci 3 zuwa 4 a gefe biyu. Amfaninsa biyu ne: yana tare ƙafar mota kada ta zame, yana kuma rage abin da ke malalowa daga daɓe. A ƙarshen rami a sa tudun da zai tsai da mota. Daɓen gareji ya karkata zuwa ƙofa, ba zuwa rami ba, bakin ƙofa kuma ya ɗara hanya tsayi don ruwan kwata kada ya shigo. A wani lungu na gindin ramin a bar ɗan gurbi mai zurfin ƙafa 1 inda ruwa da mai za su taru a kwashe da guga. Kada a haɗa shi da kwatar gari, gama fetur ya kan bi kwata ya kama wuta a ƙofar wani.

A kuma tuna kowane rami da iyakar nauyinsa. Ƙaramar mota tan 1 ce zuwa 2, tifa cike da yashi kuwa ta kan haura tan 20. Ramin babbar mota aikin injiniya ne, ba na birkila kaɗai ba. Keke mai ƙafa uku ba ya hawa rami ko kaɗan, don ƙafarsa ta gaba a tsakiya ta ke.

7. Iska da Haske

Rumfa mai buɗaɗɗen gefe ta fi ɗaki rufaffe aminci nesa ba kusa ba. A ƙa'idar Amurka, ramin ma'aikatar gyaran mota ana sa masa na'urar da ke zuƙe iska daga gindinsa, bakin bututun bai fi inci 12 daga daɓen rami ba, domin a nan tururi ke kwanciya. Mai gida da ba shi da ikon wannan, kada ya ce zai saukar da fankar ɗaki cikin rami, gama ita kanta tana tartsatsi. Sai ya ajiye ta a sama, nesa da baki, ta tura sabuwar iska ta cikin faffaɗan bututu zuwa gindin rami na ɗan lokaci kafin a sauka. In an ji warin fetur, kada kowa ya sauka sai ya gushe.

Fitilar kwai da aci-balbal da kyandir da taba duk haramun ne a rami. Kada a sa soket ko makunni a cikinsa, kada kuma a jawo wayar lantarkin gari mai ƙarfin bolt 230 zuwa wurin da ke da danshi. Abin da ya dace shi ne tocila rufaffiya mai caji, ko fitila mai bolt 12 ko 24 da a ka rufe da gilashi da raga, a kunna ta tun a waje. A cikin garejin ma, soket da makunni su kasance sama da daɓe da inci 18 ko fiye. Janareto da injin walda da wurin cajin batir duk a waje.

8. Murfi

Sa'o'in da a ke aiki a rami kaɗan ne, sauran dare da rana a buɗe ya ke yana jiran mai faɗawa. Faɗuwar ƙafa 5 a kan kankare ta isa karya ƙugun tsoho ko fasa kan yaro. Ruwa kuwa ko bai kai idon sau ba ya isa ya kashe jaririn da ya faɗa rubda ciki. Don haka murfi ba ƙawa ba ne, rabin ginin ne.

A yi wa bakin rami gurbi, a jera katako mai ƙarfi mai kaurin inci 2 zuwa 3 ya zauna daidai da daɓe, ko a yi murfin ƙarfe mai raga, wanda ya fi, don iska na ratsa shi. Kwano da tabarma da zana da filawud ba murfi ba ne, tarko ne, sun fi ramin buɗe hatsari. A riƙa duba katako kowane wata saboda gara, wadda ke cinye ciki ta bar baya lafiya lau. A shafa farin fenti a kewayen baki don a gan shi da magariba. Ƙofar gareji ta kasance da kwado.

Da damina a kwashe ruwa da zarar ya taru. Sauro na iya girma daga ƙwai har ya tashi cikin kwana 7 zuwa 10. Kafin a sauka da safe a haska, gama maciji da kunama suna son sanyin wurin.

9. Ladabin Aiki

Kada mutum ya sauka shi kaɗai ba wanda ya sani. A sami wani a sama. Mai tuƙo mota ya bi hannun mai nuna masa hanya, kuma ba kowa a rami sa'ad da ta ke hawa ko sauka. In ta tsaya, a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da baya, a zare mabuɗi. Kada a kafa jak a bakin rami ko a kan katakon murfi.

Aiki uku ba a yin su a bisa rami: zuƙe fetur ko kwance tanki, walda ko yanka da wuta, da wanke kayan inji da fetur. Waɗannan a fili a ke yin su. Kada kuma a mai da rami ma'ajin jarkokin fetur don sanyinsa ko don ɓoyo.

Baƙin mai a tara shi a duro mai murfi, kada a zuba a kwata ko a ƙasa. Tsohon batir a mayar wa masu saye yadda ya ke, kada a fasa shi a gida, gama cike ya ke da dalma. Mutanen Zamfara ba su bukatar a gaya musu sharrin dalma, tun da a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda a ke daka dutsen zinariya a cikin gidaje.

10. In Hatsari ya Auku

A ajiye bokiti 2 na yashi busasshe da tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa, ba a cikin rami ba. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, don fetur a saman ruwa ya ke tafiya, sai wutar ta bazu. A fitar da mutane tukuna, sa'an nan a kira 'yan kwana-kwana.

In an ga mutum ya faɗi sumamme a rami ba tare da rauni ba, to, iska ce ta kā da shi, mai tsalle ya bi shi kuwa zai zama na biyu. A kashe inji, a ture motar da hannu, a buɗe ƙofofi, a kaɗa iska ciki. Wanda zai sauka a ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum biyu na riƙe da ita. In an fito da shi a kwantar da shi a fili ta gefensa, a gaggauta kai shi asibiti ko da ya farfaɗo. Madara da manja ba su maganin wannan guba, ɗura wa sumamme abu kuwa na iya shaƙe shi. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa baƙin mai ko ɗanyen ƙwai ko toka.

11. Gada a Maimakon Rami

Sau da yawa abin da ya fi shi ne kada a haƙa. Ana iya gina tudu biyu na bulo da kankare a fili, kowane da gangara, irin waɗanda a ke gani a wuraren wankin mota, mota ta hau, bakanike ya shiga tsakaninsu. Iska na ratsawa, tururi ba ya kwanciya, ruwa ba ya taruwa, ba a taɓa harsashin kowa ba, akwai kuma mafita gaba da baya. Ga mai mota ɗaya da ba ya wuce juyen mai da duba birki, wannan ya ishe shi. Ga duk wanda gidansa ke fadama, ko ƙunci ya hana a sami nisan da a ka faɗa, ita ce kaɗai hanyar da ta dace. Ramin da a ka daina amfani da shi kuwa a cike shi da ƙasa a daɓe, a zuba siminti a sama.

12. Aikin Hakimi da Malaminsa

Ana roƙon kowane hakimi ya karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani a ranar taro, ya kuma kira shugabannin kanikawa na ƙasarsa, musamman na ƙungiyar NATA inda ta ke da reshe, da sarkin magina, su ji da kunnensu. Malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta waɗannan game da kowane rami, sabo ko tsoho:

(a) Sunan mai gida da unguwarsa, da ko ramin na motarsa ne ko na sana'a.
(b) Ko ya sami izini, da ofishin da ya ba shi.
(c) Tsawo da faɗi da zurfi, da nisansa daga katanga da rijiya da madafa.
(d) Ko maƙwabta sun gani sun yarda.
(e) Ko akwai matakala a buɗe in mota ta hau.
(f) Irin murfi da irin fitila, da ko akwai yashi da tukunyar gobara.
(g) Ko gareji ya haɗa ƙofa ko taga da ɗakin kwana.

A kewaya sau 2 a shekara, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka sosai, da watan Satumba sa'ad da ƙasa ta ƙoshi. Abin da a ka iske ba daidai ba a fara da nasiha, a ba mai gida wa'adi. In ya ƙi, hakimi ya rubuta wa ƙaramar hukuma, ya aika wa Majalisar Sarki kwafi. Ramin da ya ci hanya, ko wanda ke buɗe a gidan da ke da ƙananan yara, shi ba a ba shi wa'adi, a rufe shi ran nan.

Mai gida na iya ganin an tsananta masa, ya ce siminti da rodi sun yi tsada. Sai a lallashe shi, a nuna masa cewa kuɗin murfi da matakala bai kai na jinyar ƙuna ta mako guda ba, balle diyyar rai ko gina katangar maƙwabci. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye jama'a da dukiyoyinsu, ya taimaki shugabanni a kan riƙon amanar da ya ɗora musu.